Kaya a Ƙarƙashin Ƙafar Mai Takaba

Mahfuz ya ci amanar wansa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma da matar mamacin ya yi aikin. Babu wani suna mai laushi da za a ba abin da ya aikata, babu kuma wani uzurin tsadar rayuwa da zai wanke shi.

Wan nasa, Abdulmuhaimin, direban Keke Napep ne a Ƙofar Wambai. Ya rasu a farkon damina bayan gajeriyar jinya, ya bar matarsa A'i da ƙaramin ciki, da 'yan mata biyu, Khairat da Juwairiyya. Bai bar gona ba, bai bar shago ba. Abin da ya bari shi ne keken nan, mai lambar ƙaramar hukuma rubuce da fenti a gefensa, lambar da ya yi shekaru yana aiki da ita ba a taɓa kama shi da laifin komai ba. Tuwon yaran, da kuɗin makarantarsu, da maganin uwarsu, duk a kan ƙafa ukun keken suke tsaye. A'i ta san wannan fiye da kowa.

Bayan sadakar bakwai dangi suka zauna, suka miƙa wa Mahfuz makulli ya riƙa ja yana ciyar da marayu. Ya karɓa da hannu biyu yana kuka, har wasu tsofaffi suka sa masa albarka. Aka ɗauko Goggo Fatu, ƙanwar mahaifin marigayi, daga rugarsu ta wajen Gubi don ta zauna da A'i, tunda takabar mai ciki ba ta ƙarewa sai ta haihu.

Mai takaba ba ta fita sai da lalura, awon ciki kuwa lalura ne. Akwai ƙaramin asibiti a bayan layinsu, amma Mahfuz ya ce wannan ba wurin kai matar Yaya ba ne. Ya ce ya san wani a kusa da barikin Shadawanka inda ake duba mata da kyau, kuma a can duk Talata ake son ganin mai ciki. A'i ta ji daɗi. Ta ce wa Goggo Fatu ashe yaron nan yana da zumunci haka.

Duk Talata sai ya sauke tampol ta gefe biyu, wai kada idon maza ya sauka a kan mai takaba. Idan an gama awo, ba ya kama hanyar gida kai tsaye. Yakan ratsa wani lungu a bayan kasuwar mami, wato kasuwar iyalan sojoji ta barikin, wasu mutane su fito da kwalaye naɗe cikin buhu, a cusa wasu bayan kujera, a jera wasu a ƙasa. Ya ce mata lemon kwalba ne na wani mai shago a cikin gari, ɗan abin da ake samu a kai shi ke sayen man keke. Sai ya ce ta ɗaga ƙafa ta ɗora a kai don kada ta kumbura, ta kuma saki hijabinta ya sauka. Ta yi yadda ya ce. Kwalabe na kaɗawa a ƙarƙashinta, ita kuwa tana jan carbi.

A hanyar shiga gari akwai shingen 'yan kwamitin ƙaramar hukuma, masu duba lambar keke da katin direba da kayan da aka ɗauko. Kowa ya san giya iyakarta kasuwar bariki, ba a ba kowa izinin shigo da ita unguwanni ba. Keken da aka kama da ita kuwa, a nan take ake shafe lambarsa da baƙin fenti, a tura shi harabar ƙaramar hukuma, kuma ba kasafai yake fitowa ba. Shugaban masu shingen wani dattijo ne, Malam Jalo, siriri mai furfura, wanda direbobi ke cewa ko kular abinci sai ya buɗe. Amma ya san Abdulmuhaimin, ya kuma halarci jana'izarsa. Da ya hango lambar keken, ya ga tampol a sauke, sai ya kawar da kai gefe yadda ake yi wa mai takaba, ya ce yaya haƙuri, Allah ya ji ƙan malam, ya ɗaga hannu a janye katako. Babu wanda ya taɓa leƙawa. Wa zai ce wa matar mamaci mai ciki ta sauka a bincika ƙarƙashinta? Wannan kunyar ta mutanen kirki ita Mahfuz ya mayar jari.

Wata Talata, bayan an yi ruwan sama da safe, keken ya faɗa wani rami, wani abu ya fashe a cikin kwali. Ruwa mai kumfa ya jiƙa mata ƙafa da bakin hijabi, wani wari mai tsami ya taso. Mahfuz ya ce lemo ne ya lalace, bai ko waiwayo ba. A gida Goggo Fatu ta shinshina hijabin, ta yamutsa fuska, ta ce wannan kamar gasarar da ta kwana uku, masu lemon zamani ba sa tsoron Allah. Daga ita har A'i babu wadda ta taɓa jin warin giya a rayuwarta. Ɗaya hijabin yana kan igiya ruwa ya jiƙa shi, don haka da wannan ɗin A'i ta yi azahar da la'asar.

Talatar da ta biyo baya, nas ɗin da ke duba ta, wata Patience, matar soja mai yawan raha, ta tambaye ta me ke kawo ta kullum. Ta ce cikin lafiya lau yake, a wannan matakin sau ɗaya a wata ya isa, ita ba ta taɓa cewa duk mako ba. A'i ta ce ƙanin mijinta ne ya faɗa. Da ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta, Patience ta riƙo ta har bakin keke. Mahfuz ba ya nan, ya tafi waya a gindin wata bishiya. Patience ta sunkuya za ta ajiye mata jaka a kan shimfiɗar robar ƙasa, sai ta ɗago tana dariya.

"Wannan direba naka," in ji ta, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "a ciki yake sha, ko a ciki yake kwana?"

A'i ta ce sha me.

"Giya mana. Ni za a gaya wa? Shekara nawa ina wanke wannan wari a kakin maigida."

Ta ga fuskar A'i, dariyar ta tsaya. Ta rage murya ta tambaye ta ko suna ɗaukar kaya a hanya. A'i ta gyaɗa kai. Patience ta ce ta yi hankali, 'yan kwamiti ba sa wasa, makon jiya ma sun ƙwace keken wani maƙwabcinsu. Sannan aka kira ta daga ciki, ta tafi tana waiwaye.

A'i ta zauna a cikin keken. Abin da ya fara zo mata shi ne sallolin nan biyu da ta yi da najasa a jikinta, tana cikin takabar mijinta. Na biyu shi ne baƙin fenti.

Da Mahfuz ya dawo ya tayar da keke, ta ce masa yau su wuce gida kawai. Ya yi mata wasan da ƙanin miji ke yi, ya ce matar Yaya ta fara mulki ke nan. Ta ce ta san abin da ke cikin kwalayen. Ya ci gaba da tuƙi, ya karya kwana ya shiga lungun nan kamar kullum, ya kashe inji, sannan ya juyo. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, babu fushi a cikinta, babu kunya.

Ya ce to, tunda ta sani, sai ta san sauran. Shinkafar da yaran ke ci daga ina take tsammani take fitowa, da man fetur a wannan farashin? Ya ce idan ta buɗe baki, ba kekensa za a shafe wa lamba ba, shi ba shi da keke. Na Khairat ne da Juwairiyya da wanda ke cikinta.

"Kuma wa ke zaune a kan kayan, Yaya A'i? Ni tuƙi nake yi. Ke kika rufe su da hijabinki, mako da mako. Je ki gaya wa mutanen Ƙofar Wambai ba ki sani ba, ki ga wanda zai yarda."

Ta yi tunanin sauka. Ta ɗaga gefen tampol kaɗan, ta ga maza zaune a kan benci da kwalabe a gabansu, wani yana waƙa da rana tsaka. Idan wani wanda ya san ta ya ga matar Abdulmuhaimin a tsaye a wannan lungun, da ciki, cikin takaba, ta gama yawo a garin nan. Ta saki tampol. Aka loda kaya. Ya ce ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga.

A shinge Malam Jalo ya kawar da kai ya yi wa mijinta addu'a. Ta amsa da amin a zuci. Tana jin kwalba ɗaya tana taɓa 'yar'uwarta a ƙarƙashin diddigenta, ƙaramar ƙara, amma a kunnenta kamar ana buga ƙarfe. Aka janye katako suka wuce.

Makon nan A'i ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ta wanke hijabin har hannunta ya saɓule, ta rama sallolin, ta sake ramawa. Idan aka zuba wa yaran shinkafa sai ta kau da ido, ba ta iya hana su ci, ba ta iya kallonsu suna ci. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta ɗauka an zo gaya mata an kama keke. Idan ta ji ƙarar injinsa da yamma ya tsaya a ƙofar gida sai ta sauke numfashi, sannan ta ji haushin kanta da ta yi murna.

Ran Asabar ta tare shi a tsakar gida, ta ce ita ba za ta ƙara zuwa ba, nas ta ce ba sai duk mako ba. Ya ce ba komai, ta zauna. Shi dai ya riga ya yi wa mutane alkawari, kuma irin mutanen da ba a ba su haƙuri ne. Zai ɗauko kayan ko da ita ko ba ita. Illa dai in babu mai takaba a ciki Malam Jalo zai buɗe, in ya buɗe kuwa ta san sauran. Ya ce ta zaɓa, ya sa takalmi ya fita.

Nan ta ga inda ya ajiye ta. In ta shiga, ta zama murfin giya da saninta. In ta ƙi, keken ya tafi ran Talata. In ta karɓe makulli, sai ta faɗa wa dangi dalili, uwar Mahfuz kuwa tana da rai, shi ne ɗan da ya rage mata, kuma A'i ta san bakin wa za a ɗauka tsakanin ɗa da suruka.

Ran Lahadi da hantsi, yara sun tafi islamiyya, ta faɗa wa Goggo Fatu komai. Tsohuwar ta yi ta salati a hankali. Da ta tuna ita ce ta shinshina hijabin ta ce gasara, sai ta tashi ta je ta wanke fuska. Ta dawo ta ce ita ba ta san dokar birni ba. Abin da ta sani, a wajensu idan shanu suka shiga gonar mutum, makiyayin da ya je da ƙafarsa ya faɗa wa mai gona, ana yi masa wani hukunci daban da wanda aka bi sawu aka kamo. Ta ce amma ba ta yi mata alkawarin komai ba, ta ga waɗanda suka kai kansu kuma aka ƙwace musu saniya.

A'i ta ce, "Goggo, in suka shafe lambar fa? Me zan ba su su ci?"

Goggo Fatu ta ce ba ta sani ba.

Ran Talata Goggo ta yafa mayafi ta ce za ta raka su. Mahfuz ya ce babu wuri, akwai saƙon da zai ɗauko. A'i ta shiga ita kaɗai. A asibiti ba ta ko shiga layi ba, ta zauna a kan benci har ya gama wayarsa. A lungu aka loda kaya fiye da na kullum, har gwiwoyinta suka tashi sama, cikin ya takure. Ɗan da ke ciki ya yi ta motsi. Mahfuz yana ta fara'a, ya ce ai ya san matar Yaya mai hankali ce.

Tun daga nesa ta tsagar tampol ta hango shingen. Akwai keke biyu a gabansu. An sauke wata mata da buhun gawayi ana soka masa sanda. A gefen bencin 'yan kwamiti ga gwangwanin fenti da buroshi a tsaye a ciki. A'i ta kafa masa ido. Ta ce a ranta yau dai ta bari, mako mai zuwa ta yi. Ta ce wa kanta Allah ya san an tilasta mata. Ta tuna Juwairiyya da safe tana lasar cokali.

Layi ya zo kansu. Malam Jalo ya dubi lambar, ya kawar da kai.

"Yaya haƙuri? Allah ya ji ƙan malam, ya sauke ki lafiya."

Ya ɗaga hannu. Wani ya sunkuya zai ja katako. Wannan addu'ar ce ta fi ƙarfinta, dattijo yana roƙa wa mijinta rahama a kan kwalayen giya, kuma ita ce ta sa ya yi. Ta ɗage tampol da hannu ɗaya, ta zuro ƙafa waje.

"Yaya A'i," in ji Mahfuz ƙasa-ƙasa, bai juyo ba. "Keken yaran."

Ya murɗa hannu, injin ya yi gurnani, keken ya zabura kaɗan. Da an riga an janye katakon da ya ja ta a ƙasa. Mai jan katakon ya ga ƙafar mace a waje, ya saki, ya daka wa Mahfuz tsawa. A'i ta dafa ƙarfe ta sauko da ƙyar, hijabinta ya biyo ta, kwalayen suka bayyana a fili. Ta durƙusa a bakin kwalta.

"Baba," ta ce, kanta a ƙasa, "ku duba."

Mutanen nan ba su saba jin muryar mai takaba a kan titi ba. Sannan Malam Jalo ya zo da kansa ya yaga buhun, ya zaro kwalba ɗaya, ya ɗaga ta, ya mayar. Mahfuz ya diro zai gudu, direbobin da ke layi suka riƙe shi tun bai tsallaka kwata ba. Ya fara rantsuwa yana cewa kayanta ne, shi haya aka ɗauke shi. Wani direba da ya yi aiki da marigayi a tasha ɗaya ya ce masa ya rufe baki ko ya rufe masa.

Malam Jalo ya tsaya nesa da ita kaɗan, bai dube ta ba, ya tambaya tun yaushe. Ta faɗa masa, da yadda ta gano, da sunan nas ɗin. Dattijon ya cire hula ya share kai. Ya ce ashe duk Talata da hannunsa yake buɗe wa giya hanya.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ɗauko gwangwanin fenti, kamar yadda aka saba. A'i ta ji ƙarar buroshi a bakin gwangwani, ta ɗago ta ce:

"Na marayu ne, Baba. Ba su da komai sai shi."

Malam Jalo ya ce wa mai fentin ya ajiye. Amma ya gaya mata gaskiya, bai ɓoye ba: sakin keken ba a hannunsa yake ba. Dole a kai shi haraba, kwamiti ya zauna, kuma bai san abin da za su yanke ba. Ya tsayar da wani keke mai mata a ciki, ya ce a kai ta har ƙofar gida. Tana waiwaye ta ga ana tura keken mijinta da hannu, tampol ɗaya na lilo.

Abin bai zo da sauƙi ba, kuma ƙarya ne a ce ya zo. Uwar Mahfuz ta daina amsa gaisuwarta. A unguwa wasu suka ce ta tona asirin gidan mijinta a titi, wasu suka ce ai da wuya a ce ba ta sani ba tun farko. Kwamitin kuma ya ce ba zai kira mai takaba gabansa ba sai ta fita, don haka kunyar da ta rufe giya ita ce ta tsare keken a haraba har damina ta ƙare. A watannin nan dangin Goggo Fatu ne ke aiko da tsaba da nono daga Gubi, wata rana a ci sau biyu, wata rana sau ɗaya. An cire Khairat daga makarantar kuɗi. A'i takan kwanta ba ta san ko ta ceci abincin 'ya'yanta ba ne ko ta zubar da shi da hannunta.

Ta haifi namiji bayan an fara girbi. Da ta yi arba'in ta je gaban kwamiti. Malam Jalo ya ba da shaida cewa ya riga ya ɗaga hannu a wuce, ita ce ta sauka da kanta. Patience ta zo da kayan aikinta a jiki ta faɗi abin da ta sani. Aka saki keken da lambarsa, aka mayar da izinin da sunan marayu. Tayoyin sun sace, batir ya mutu, tampol ya ruɓe, sai da aka sayar da tunkiyar Goggo aka tayar da shi. Wani maƙwabcinsu, Ɗanlarai, shi ke jan sa yanzu.

Mahfuz kuwa, kotu ta same shi da laifin shigo da giya cikin gari da cin amanar dukiyar marayu. An yi masa bulala arba'in a bainar jama'a, an ɗaure shi wata shida, kwamiti ya soke katinsa na tuƙi, ba zai sake jan keken haya a garin ba.